Kofi Takwas na Shayi da Ma'aunin Dace

A shekarun 1920, a tashar binciken noma ta Rothamsted da ke Ingila, wata masaniyar kimiyya, Muriel Bristol, ta ce da ɗanɗano kawai tana gane ko madara aka fara zubawa a kofi ko ruwan shayi. Abokin aikinta Ronald Fisher, masanin ƙididdiga, ya mai da zancen gwaji, ya bayyana tsarinsa a littafinsa na 1935.

Za a haɗa kofi takwas, huɗu madara ce farko, huɗu shayi, a cakuɗa jerinsu, a ce ta ware. Hanyoyin zaɓen huɗu cikin takwas guda 70 ne, ɗaya tak ce daidai, don haka mai canki-canka zai dace sau ɗaya ne kawai cikin 70. Amma in uku cikin huɗun ta samu, ba a gamsu ba, domin mai canka ma yana kaiwa nan ko fiye sau 17 cikin 70.

Gindin gwajin hasashe ke nan. Ana fara ɗauka cewa babu komai sai dace, sannan a tambaya: in haka ne, sau nawa za a ga sakamako irin wannan ko wanda ya fi shi? Amsar ita ake kira adadin p. In ya gaza 0.05, wato ɗaya cikin ashirin, sai a ce sakamakon yana da ƙarfi a ƙididdiga. Wannan iyaka kuwa Fisher ya zaɓe ta ne don sauƙin aiki, mutane suka riƙe ta kamar doka.

Abin da ke damuna shi ne ɗalibin da ya ga adadin p na 0.03 ya ce saura kaɗan da'awar da ake gwadawa ta tabbata. Adadin bai faɗi haka ba, bai kuma faɗi girman tasirin ba. Taki na iya ƙara amfanin gona da abin da bai kai kuɗin sayensa ba, adadin p ɗinsa kuma ya gaza 0.05 in gonakin gwajin suna da yawa. A 2015 aka sake gudanar da binciken halayyar ɗan'adam guda 100 da aka riga aka wallafa, kusan kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka sake ba da adadin p ƙasa da 0.05.

Malami zai iya nuna ɗaya daga cikin dalilan haka a aji. Ɗalibai ɗari, kowa ya jefa kwabo sau goma. Da wuya a rasa wanda fuska ɗaya za ta fito masa sau tara ko goma, abin da ke faruwa kusan sau biyu cikin ɗari. Sai malam ya rubuta sakamakon wannan ɗalibi shi kaɗai a allo, ya goge na sauran, ya tambayi ajin me baƙon da ya shigo yanzu zai ce game da kwabon.