Mene Ne Tattakin Babura Na "Wall to Wall"?

Duk watan Satumba sunan nan yakan fito a labaran ƙasar Ostireliya. Ayarin babura ne da 'yan sanda, masu ci da masu ritaya, suke yi tare da jama'ar gari domin tunawa da abokan aikinsu da suka rasu a bakin aiki. An fara shi a 2010.

Kowace jiha tana da wurin tunawa da mamatan 'yan sandanta. Daga nan ayarinta ke tashi, duk a haɗu a bangon tunawa na ƙasa da ke birnin Kanbera, wanda aka buɗe a 2006. Masu tasowa daga birnin Perth sai sun kwana a hanya sau da dama, don tafiyar ta haura kilomita 3,000. Kowane ayari yana ɗauke da kulki mai rami a ciki, inda ake saka takardar sunayen waɗanda suka rasu cikin shekarar. Fatan kowa a iso da shi ba suna ko ɗaya.

Shiga ba wuya: lasisi, babur mai lafiya, sai kuɗin rajista. Kuɗin yana zuwa ga ƙungiyoyin Police Legacy, masu tallafa wa matan mamatan da marayunsu, musamman ta fannin karatu.