Sharar da ake jin nauyin ambata: ina mazubinta daga Ƙonni zuwa Ilela?

Audugar mata, ƙunzugun yara na zamani, reza da audugar rauni sun cika shagunanmu, amma har yanzu ba mu tanadar musu mazubi ba. Pubel mai murfi wadda ake buɗewa da ƙafa tana iya rage wannan matsala, in har an san wanda zai kwashe ta da inda za a kai abin da ke cikinta.

Kowane gida a ƙasar Ƙonni, da Malbaza, da Ilela yana da hanyar da ya gada ta rabuwa da shara. Toka da kashin dabbobi ana kai su gona su zama taki. Dusa da kowar wake rabon awaki ne. Tsohon zane yakan zama tsumma, tsumma ya zama gammo, daga ƙarshe ya ƙare a murhu. A zamanin kakanninmu da wuya a samu abin da ƙasa ba ta iya ci. To amma a ƴan shekarun nan wata sabuwar shara ta shigo mana, wadda gona ba ta so, tunkiya in ta haɗiye ta sai ta rame, mutane kuma suna jin nauyin kiran sunanta a cikin taro. Ita ce sharar tsabtar jiki: audugar da mata ke amfani da ita lokacin al'ada, ƙunzugun yara da ake kira famfas, audugar goge rauni, da rezar aski ko ta yankan farce.

Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin yadda waɗannan kaya suka yawaita. Birnin Ƙonni yana bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, ƴan kilomitoci kaɗan ne kuma tsakaninsa da Ilela ta ƙasar Sakkwato. Kayan da suka sauka Ƙonni ba su daɗewa sai a gan su a Tsarnawa, da Dogarawa, da Galmi, da Malbaza, har su haura Badagishiri, da Tajaye, da Ilelarmu ta nan gida. Abin da a da sai matar babban ma'aikaci ke saye a kantin magani, yau ana sayar da shi ɗai-ɗai a teburin bakin hanya. Wannan ci gaba ne, domin ya sauƙaƙa wa mata da iyaye wahala mai yawa. Sai dai mun karɓi kayan, ba mu karɓi tsarin zubar da su ba.

Hanyoyi uku, kowace da illarta

A yau hanyoyi uku ne aka fi bi. Ta farko ita ce jefawa cikin masai. Nan ne asiri ya fi rufuwa, shi ya sa mata da yawa suka fi natsuwa da ita. Amma audugar zamani da famfas ba auduga zalla ba ce. Akwai leda a jikinsu, a cikinsu kuma akwai wani gari mai shan ruwa ya kumbura. Ba su ruɓewa kamar tsumma, saboda haka ramin da aka haƙa don ya yi shekaru yakan cika tun lokacinsa bai yi ba, in kuma an kira motar yasa sai su toshe mata tiyo. A gidajen da ke da makewayi mai ruwa kuwa, guda ɗaya ta isa ta toshe bututu.

Hanya ta biyu ita ce ƙullewa a leda a jefa juji ko magudanar ruwa da dare. Kafin gari ya waye karnuka sun yage ƙullin, kaji sun tone, ƙuda sun sauka, yara masu tsince-tsince kuma sun bi ta kai ba takalmi. Mahauta sun sha ciro dunƙulen leda daga tumbin dabbar da mai ita ya rasa dalilin ramewarta. Idan damina ta faɗi, ruwa ya kwashe abin da ya rage ya kai shi tabki ko ƙorama, inda wasu ke wanki, wasu ke shayar da dabbobi.

Hanya ta uku ita ce ƙonawa a bayan ɗaki. Abu mai danshi ba ya cin wuta sosai, sai dai ya yi ta turnuƙewa, kuma hayaƙin leda ba abin shaƙa ba ne, balle ga jariri ko mai ciwon ƙirji.

Haɗarin yana hannu

Mutane da yawa suna ɗaukar kashin jariri ba ƙazanta ba ne. Likitoci kuwa sun tabbatar yana ɗauke da ƙwayoyin gudawa kamar na babba, sau da yawa ma fiye. Ba mu manta da annobar kwalara ta shekarar 2021 ba, wadda ta kama mutum fiye da 5,000 a Nijar, ta kashe fiye da 150, jihar Tawa kuma tana cikin waɗanda ta shafa. Hanyar wannan ciwo sananniya ce: daga bayan gida zuwa ruwa, ko hannu, ko ƙuda, daga nan zuwa baki. Jini ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta bayyana cewa ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a wajen jikin mutum. Ke nan rezar da wanzami ko mai yankan farce ya yar ranar kasuwa, tana iya cutar da yaron da ya tsince ta har kasuwa ta zagayo.

Maganin ƙuda da wari shi ne murfi. Amma murfin da kowa ke ɗagawa da hannu shi kansa yakan zama matattarar ƙazanta: mai jego ta taɓa, mai jinya ya taɓa, mai shara ya taɓa, sa'an nan kowa ya tafi ya sa hannu a kwano. Saboda haka ne wasu ke ƙyamar murfin, su aje ƙullinsu a gefe su wuce. Ga inda pubel da ba a taɓawa da hannu take da amfani.

Daga Faransa zuwa Amurka

Kalmar pubel da muka ara daga Faransanci sunan mutum ce. Eugène Poubelle shi ne wakilin gwamnati mai riƙe da birnin Paris da kewayensa, wanda a shekarun 1883 da 1884 ya kafa dokar tilasta wa masu gidaje su aje mazuban shara masu murfi, su kuma raba shara kashi uku. Masu gidaje sun yi ta gunaguni, har aka laƙaba wa mazubin sunansa, sunan kuma ya bi shi har yau. Matakin ƙafa kuwa daga baya ya zo. Ana danganta ƙirƙiro shi ga wata injiniya Ba'amurkiya, Lillian Gilbreth, uwar ƴaƴa 12, a shekarun 1920. Dabarar ba ta da wuya: sandar ƙarfe ce ke bi ta ƙarƙashin mazubin, ta haɗu da wata da ta hau ta baya zuwa murfi. In aka taka, murfi ya tashi. In aka ɗauke ƙafa, nauyinsa ya mayar da shi.

A yau akwai iri na biyu, mai aiki da batir. A bakinta akwai wani ɗan ido mai aika hasken da idon mutum ba ya gani. Da hannu ya matso sai hasken ya dawo, wani ƙaramin inji ya ɗaga murfin, bayan ƴan daƙiƙoƙi ya rufe. Akwai kuma waɗanda aka ƙera musamman don makewayin mata, masu ƴar ƙofa mai juyawa, yadda mai zubawa ba ta ganin abin da wata ta riga ta zuba. A ƙasashen Turai kamfanoni ne ke hayar da irin waɗannan ga ma'aikatu, su zo su ɗauke cikakkiya su aje wankakkiya.

Wacce ta dace da mu?

Ɗan kasuwar da ke tunanin yin odar mai batir ya fara tambayar kansa abu uku. Shin idon nata zai jure ƙurar hunturu? Shin injinta zai jure zafin bazara da ruwan buta da ake watsawa a makewayi? In ta lalace kuma, wa zai gyara ta a Badagishiri? A ɗakin otel ko biron babban darakta tana iya yin kwana, amma a tashar mota ko lakwal, ranar da batir ya mutu ta zama bokiti mai tsada.

Mai taka ƙafa kuwa ba ta cin batir, kuma ba sai an jira jirgin ruwa ya kawo ta ba. A shekarar 2020, lokacin cutar korona, masu walda a garuruwan Nijar sun ƙera na'urorin wanke hannu da ake takawa da ƙafa, aka girke su a ƙofar ma'aikatu da asibitoci. Hannun da ya ƙera waɗancan ba zai kasa ƙera wannan ba. Abin da ake bukata shi ne mai oda ya san abin da zai nema: murfi mai rufewa ruf, matakin ƙarfe mai kauri maimakon na roba, bokitin ciki da ake iya cirewa a wanke, da gindi mai nauyi don kada akuya ta kifar. Kada ta cika girma, domin babbar pubel tana sa a yi kasalar kwashewa.

Reza da allura kuwa ba su shiga wannan mazubi, don suna huda jaka su yanki mai ɗauka. Wanzami ya samu gwangwani ko galan mai kauri, ya yi masa ƴar kafa a murfi, ya riƙa jefa su ciki.

Kada a kashe maciji a bar kansa

Sayen pubel shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Wadda aka bari ta cika ta tumbatsa ta fi rashinta illa, domin ta tara ƙazanta wuri guda ta bar wa ƙuda. A asibitoci ƙa'idar OMS ita ce a ɗaure jakar shara tun ta kai kashi 3 cikin 4, a raba mai ɗauke da cuta a jaka rawaya, sauran a baƙa. Hukumar ta kuma nuna cewa kusan kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti shara ce ta yau da kullum, kashi 15 ne masu haɗari. In aka cakuɗa su, duka sun zama masu haɗari. Wannan darasi ya shafi gida da kasuwa. A kwashe kullum, a wanke bokitin da sabuni da ruwan jabel, a shanya shi a rana. Mai kwashewa kuma, wanda sau da yawa dattijuwa ce mai shara ko yaro mai amalanken jaki, a ba shi safar hannu da takalmi, a biya shi haƙƙinsa. Ba adalci ba ne mu tsare hannunmu mu bar nasa.

Daga nan sai ina? Inda babu tanderun ƙona shara, abin da ya fi shi ne rami mai zurfi, mai shinge, nesa da rijiya da hanyar ruwa, ana rufe kowane zubi da ƙasa ko toka. Ƙonawa ta gaskiya tana bukatar zafin da ya kai digiri 850 ko fiye, abin da wutar kara ba ta kaiwa. Yankinmu ba baƙo ba ne ga babbar wuta, tunda tanderun siminti irin na Malbaza yana kai digiri 1,450, kuma a wasu ƙasashe ana ƙona wasu nau'o'in shara a irinsa. Ko hakan zai yiwu a nan, magana ce da ta cancanci masana su duba.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Tun ranar 2 ga watan Maris na 1993 Nijar ta kafa kundin dokar tsabtar jama'a, a watan Nuwamba na 2014 kuma aka yi dokar hana shigowa da sayar da leda maras kauri. Duk wanda ya zaga kasuwa ya san tazarar da ke tsakanin takarda da aiki. Mai neman jakar sa wa a pubel ya nemi wadda doka ta yarda da ita, ko ya shimfiɗa takardar buhun siminti.

Maganar sutura ce

Bayan lafiya akwai mutunci. Mace mai sayar da abinci a kasuwa takan wuni daga hantsi har magariba. Mai jinya a asibiti, kamar na Galmi da ke karɓar marasa lafiya daga Nijar da Najeriya tun 1950, takan kwana da kwanaki nesa da ɗakinta. Ƴar lakwal da ma'aikaciyar biro su ma haka. Kowace cikinsu tana bukatar wurin da za ta kimtsa ba tare da ta fito da ƙulli a hannu ba. Wasu matan suna tsoron kada abin da ya taɓa jininsu ya faɗa hannun mai mugun nufi, kuma ba da dariya ake kawar da wannan tsoro ba, sai da mazubi mai rufi wanda mace ƴar'uwarsu ke kula da shi. Don haka wurin pubel yana cikin makewayin mata, bayan ƙofa mai sakata, kusa da ruwa da sabuni. In aka girke ta a tsakar fili, ba wadda za ta kusance ta. Tun 2014 duniya ke ware ranar 28 ga watan Mayu don tsabtar al'adar mata, amma yarinyar da ta koma gida tsakar darasi ba jawabi take bukata ba.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Shugaban ma'aikata ya sa pubel da kuɗin kwashe ta cikin kasafin shekara, kamar yadda yake sa takarda da man mota. Ƙungiyar iyayen yara ta tambayi daraktan lakwal abin da aka tanadar wa ƴan mata. Sarkin tasha da shugabannin ƴan kasuwa su ware wani abu daga kuɗin shiga makewayi. Ma'aikatar magajin gari ta nuna ramin da za a kai, ta kuma tsare shi. Wanda ke cin ribar sayar da famfas da auduga kuwa, ya fi kowa dacewa ya aje mazubinsu a gefen hajarsa, ya ba mai walda na garinsu aiki. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu ikon gyarawa tun damina ba ta kwaso mana abin da muka jefar ba.