Bashi Hanji Ne, Amma a Rubuta

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. A unguwar Kusugu da ke birnin Daura, da wuya ka sami mai kanti marar ɗan littafi a ƙarƙashin teburi: wance mudun shinkafa biyu, wane sabulu da man gyaɗa, biya sai ƙarshen wata. Abin mamaki, idan bashin ya girma ya kai kuɗin sa ko na buhunan taki, a nan alƙalami ke ɓacewa. Sai ka ji an ce, "Haba Alhaji, ni da kai har sai an rubuta?"

Wannan kunya ba ta da gindin zama a addini. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, magana take kan bashi: a rubuta shi, a faɗi ranar biya, a kafa shaidu. Wanda ake bi ne ma aka ɗora wa faɗar abin da za a rubuta, don kada gobe ya ce an yi masa ƙari.

Takardar ba ta buƙatar dogon Turanci. Sunan mai bi da wanda ake bi, adadin kuɗi a lamba da kalmomi, ranar biya, sa hannu ko dangwale, sai shaidu. Ko da ajami aka rubuta, hujja ce a gaban alƙali.

Amfaninta bai tsaya a kotu ba. Alkawarin baka yana nan tsakanin mutum biyu, amma rubutacce yana iya tafiya. Wanda ya sayar da shanu bashi a kasuwar Mai'aduwa, in takardarsa ta cika sharuɗɗa, doka ta ba shi damar sa hannu a bayanta ya miƙa wa wani da ke binsa bashi. Haka kuɗin takarda ya bunƙasa a Ingila: bankin ƙasar, wanda aka kafa a 1694, ya riƙa ba mutane takardun alkawarin biya, su kuma suka shiga ciniki da su hannu zuwa hannu. Har yau rubutun alkawarin yana jikin fam ɗinsu.

Gwamnati ma da takarda take cin bashi. A shekarar 2000 Najeriya ta kafa Ofishin Kula da Basussuka, DMO. A 2017 ofishin ya fito da takardun lamuni da mai naira 5,000 zai iya saya, ya kuma sayar da sukuk na naira biliyan 100 don aikin hanyoyi 25. Mai sukuk kuɗin haya yake karɓa maimakon kuɗin ruwa, shi ya sa masu gudun riba suka shiga.

Inda rashin rubutu ya fi ciwo shi ne ranar rabon gado. Shari'a ta ce a fitar da bashi kafin magada su taɓa komai. To, in babu takarda, shaidu kuma sun manta, ko dai mai bi ya yi asara, ko marayu su biya abin da ba su da tabbas a kansa, zumunci ya lalace a banza.

Saboda haka mai karɓa ya fi dacewa ya fara cewa a kawo takarda, ya ɗauke wa mai bayarwa nauyin baki. Kowa ya riƙe kwafinsa, ranar da aka biya a yaga a gaban shaidu.