Hukuncin Naman Barewar da Aka Harbe da Bindiga

Idan rani ya tsaya, ciyawar fadamar Rima ta bushe, mafarautan Gesse da Argungu kan shiga daji neman barewa da gada. Shin abin da harsashi ya kashe halal ne?

Magabata sun hana cin abin da dunƙulen yumɓu ya kashe, domin bugu yake yi, ba ya hudawa. Da bindiga ta bayyana sai malamai suka saɓa. Shehu Dardiri, mai sharhin Muhtasar, ya kawo halacci. Hujjar masu halattawa ita ce dalma tana zubar da jini, tana gaggauta kisa.

Sharaɗi shi ne niyya da bisimilla yayin harbi. In an riski dabbar da rai, makasarta ba ta hudu ba, yanka ya wajaba. In ta ɓace har ta kwana, a mashahurin mazhabar Maliku ba a ci. Allah ne mafi sani.