Hutu a Zanzibar: Kafin Ka Kama Ɗaki, Ka San Halin Teku

A 'yan shekarun nan wasu daga cikin jama'armu sun fara ware kuɗi don zuwa hutu ƙasashen waje: 'yan kasuwa, ma'aikata, da sababbin ma'aurata. Cikin wuraren da sunansu ya fi yawo a bakin mutane akwai tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya. Dalili a fili yake. Ƙasa ce ta Afirka, kusan dukkan mutanenta Musulmi ne, ga kuma farin rairayi da itatuwan kwakwa.

To amma mai karatu, kuɗin jirgi daga Afirka ta Yamma, ta Adis Ababa ko Nairobi, ba ƙaramin abu ba ne. Wani sai ya yi shekara yana tari. Abin takaici ne a ce bayan wannan ɗawainiya mutum ya sauka a masaukin da bai dace da shi ba, ya ƙare kwanakinsa yana cizon yatsa. Yawancin mutane hoton ɗaki suke dubawa su biya kuɗi. Alhali a tsibiri, ɓangaren da masaukin yake ya fi ɗakin kansa muhimmanci. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka bari mu bi abin daki-daki.

Yadda tsibirin yake

Abin da ake kira Zanzibar tarin tsibirai ne a Tekun Indiya, manyansu biyu: Unguja da Pemba. Ƙidayar shekarar 2022 ta nuna mutanensu sun kusa miliyan 1.9. Sun haɗe da Tanganyika a watan Afrilu na 1964 aka sami Tanzaniya, amma har yau suna da shugabansu da majalisarsu. Unguja ne baƙi suka fi zuwa, kuma shi muke magana a kai. Tsawonsa kamar kilomita 85 ne, faɗinsa kuwa kamar 30. Ana isa ta filin jirgin sama na Abeid Amani Karume, ko ta jirgin ruwa daga Darussalam, tafiyar kamar awa biyu.

A taswira ƙarami ne, amma daga babban gari zuwa ƙarshen arewa mota kan ci wajen awa ɗaya da rabi. Wanda ya kama ɗaki can alhali abin da yake son gani yana gari, kuɗinsa a tasi zai ƙare. Akwai motocin haya na talaka da suke kira dala-dala, masu araha, sai dai cunkoso da yawan tsayawa.

Cika da janyewar teku

Wannan shi ne darasi na farko, kuma shi ne wanda hoton talla ba ya faɗa. Teku tana cika tana janyewa sau biyu a kowace rana, kuma lokacin yana jinkirta da kamar minti 50 kullum. Jan da wata yake yi wa ruwa ne babban sanadi. Mu da muke lissafi da wata ba za mu sha wahalar ganewa ba: a farkon wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, cikar takan fi yawa, janyewar ma ta fi nisa. A sauran kwanaki abin yakan lafa.

A gabashin Unguja ƙasan teku shimfiɗe yake, ba zurfi, har zuwa wani shingen duwatsun murjani da ke can nesa. Idan ruwa ya janye, sai ya bar fili na ɗaruruwan mitoci, wani wurin har kilomita. Mutumin da ya biya kuɗi don ya yi wanka a teku sai ya fito da hantsi ya tarar ruwan ya yi tafiyarsa. A ƙarshen arewa kuwa gaɓar tana da gangare, ruwa ba ya nisa. Wannan bambanci shi ne ya raba tsibirin gida biyu a idon baƙo.

Tsohon Gari

A yammacin tsibirin yake, mutanen wurin suna kiransa Mji Mkongwe, a takardun yawon buɗe ido kuwa za a ga an rubuta Stone Town. A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Ya bunƙasa ne a ƙarni na 19, bayan Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mai da fadarsa nan daga Maskat. Kanumfari da hauren giwa da cinikin bayi su ne suka gina shi. An rufe kasuwar bayi a 1873, kuma a wurin aka gina majami'ar Angilika da ke tsaye har yau.

Wanda yake son tarihi, kasuwa da mutane, nan ne wurinsa. Masallatai ko'ina, ba ka tafiyar minti biyar ba ka ji kiran salla ba. Kasuwar Darajani tana nan da kayan yaji, da yamma kuma ana gasa kifi da nama a lambun Forodhani da ke bakin ruwa. Abinci ya fi araha a nan, kuma yawancin bankuna da manyan asibitoci a gari suke.

Sai dai akwai abin lura. Lungunan ƙanana ne, mota ba ta shiga yawancinsu, don haka a kafaɗa ko a amalanke za a kai kaya. Masaukai da yawa tsofaffin gidajen bene ne masu matakala a tsaye. Idan da tsoho ko mai ciwon gwiwa a tafiyar, a nemi ɗakin ƙasa tun kafin a biya. Sannan bakin ruwan garin tashar jirage ce, ba wurin da za a yini ana wanka ba.

Arewa: Nungwi da Kendwa

Nan ne mai son ruwa zai more, domin ana iya shiga teku kusan kowane lokaci na yini, musamman a Kendwa. Ana ganin faɗuwar rana a kan ruwa. A Nungwi har yanzu masassaƙa suna ƙera jiragen ruwa na katako da hannu, abin kallo ne ga yara da manya.

Amma abin da ya ja ka shi ya ja kowa. Manyan otal-otal sun yi layi, farashi ya fi tsada, masu talla kuma ba sa barin baƙo ya huta. Akwai mashaya da kaɗe-kaɗe har tsakar dare, kuma Kendwa ta yi suna da shagalin da ake yi idan wata ya cika. Magidanci da ya zo da iyali ya tambaya tsakaninsa da Allah: ɗakin nan kusa da mashaya yake ko nesa? Tazarar mita ɗari biyu na iya raba barci da rashinsa.

Gabas: Matemwe, Bwejuu, Paje da Jambiani

Wannan gaɓa doguwa ce, ƙauyukan masunta ne a jere. Nan ake ganin fitowar rana, ga iska, ga natsuwa. Idan ruwa ya janye, mata sukan shiga gonakinsu na ciyawar teku, sana'ar da ta kankama a wannan yanki tun wajen 1989, ana busar da ita a sayar wa ƙasashen waje. Yara ƙanana sukan ji daɗin wasa a ruwan da bai wuce idon sawu ba. Sai dai a sa musu takalmi, saboda akwai wata halitta mai ƙayoyi kamar bushiya da ke ɓuya a cikin duwatsu. Kuma a lura da dawowar ruwa, domin yana zuwa da sauri fiye da yadda baƙo yake zato.

Ƙauyukan ma ba ɗaya ba ne. Paje ta cika da samari masu wasan da iska ke jan su a kan allo bisa ruwa, don haka akwai hayaniya. Jambiani da Bwejuu sun fi shiru, kuma an fi samun ƙananan gidajen baƙi na 'yan gari. Matemwe tana kallon ɗan tsibirin Mnemba, inda ake zuwa kallon kifaye. Daga kudu maso gabas kuma ba nisa zuwa dajin Jozani mai jajayen birai, da tsohon masallacin Kizimkazi, wanda rubutun da ke jikinsa ya nuna shekarar 500 ta Hijira, wato 1107.

Lokacin zuwa

Zanzibar tana kudu da tsakiyar duniya, don haka yanayinta ya saɓa da namu. Babbar damina daga Maris zuwa Mayu take, ƙarama kuma wajen Nuwamba. Daga Yuni zuwa Oktoba akwai sanyi-sanyi da iskar kudu da suke kira kusi. Daga Disamba zuwa Fabrairu zafi ne, da iskar arewa mai suna kaskazi. Kuɗin ɗaki yakan tashi a Yuli da Agusta, da kuma ƙarshen shekara. A babbar damina yakan faɗi ƙwarai, har wasu masaukan su rufe. Mai zuwa lokacin ruwa gara ya fi yawan kwana a gari. Mai zuwa lokacin zafi kuwa kada ya yarda da ɗakin da ba fanka.

A watan azumi gidajen abinci na 'yan gari da yawa sukan rufe da rana. Mai azumi zai fi jin daɗin gari, inda ake buɗa-baki da tarawihi cikin jama'a. Idan a bakin teku zai sauka, ya tambaya ko za a tanadar masa sahur.

Babban otal ko gidan baƙi?

Manyan otal-otal sukan haɗa ɗaki da ci da sha a kuɗi guda. Akwai sauƙi a ciki, amma giya tana cikin lissafin, ke nan wanda ba ya sha yana biyan abin da bai taɓa ba. Ga shi kuma mutum yakan kwana bakwai bayan katanga bai gaisa da ɗan gari ko ɗaya ba. Ƙaramin gidan baƙi ya fi araha, kuma kuɗinka yakan fi saurin shiga aljihun mutanen ƙauyen. Iyali mai yawa kuwa za su iya hayar gida mai madafa, su sayi kifi a bakin ruwa su dafa abin da suka saba.

Araha dai ba ta ado. Kafin a aika ko sisi, ga tambayoyin da ya kamata a yi a rubuce. Akwai gidan sauro? Cizon sauro ya ragu a tsibirin amma bai ƙare ba. Akwai janareta? Wutar Unguja ta wayar ƙarƙashin teku take zuwa daga babban yankin Tanzaniya, kuma daga Disambar 2009 zuwa Maris na 2010 tsibirin ya yi wata uku a duhu. Ruwan wanka na daɗi ne ko mai gishiri? Karin kumallo da harajin da ake karɓa a kan kowane dare suna cikin farashi? Idan tafiya ta fasa, nawa za a mayar? Kada kuma a tura kuɗi ga wanda ba a tabbatar da cewa shi ne mai masaukin ba.

Salla, sutura da harshe

Ga wani abu da zai ba ɗan Afirka ta Yamma mamaki. A wurinmu gabas ita ce alƙibla, amma a Zanzibar Makka tana arewa ne kusan sak. Kada mutum ya ga rana ta fito ya shimfiɗa darduma ta wajenta. A tambayi masu masauki. Yawancin mutanen Shafi'awa ne, don haka za a ga 'yan bambance-bambance da abin da Malikawa suka saba, ba abin damuwa ba ne. Suturar mutunci ita ce al'adar gari da ƙauye, saboda haka matanmu ba za su ji su bare ba.

Harshensu na Suwahili ya ari kalmomi daga Larabci kamar yadda Hausa ta yi. Za ka ji habari, asubuhi, sabuni, kalamu, Alhamisi da Ijumaa, ka gane su ba tafinta. Amma a yi hattara da agogonsu, domin daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Idan direba ya ce saa moja, wato awa ɗaya, ƙarfe 7 yake nufi. A maimaita lokaci da shi har a fahimci juna, musamman ranar komawa.

Takardu da shawara

Mai fitowa daga ƙasashenmu ya riƙe katin rigakafin shawara, domin ana tambayarsa. Tun 1 ga Oktoba 2024 kuma gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfaninta, a kan dala 44 ga babban mutum. Maganar biza ta danganta da fasfon da mutum yake riƙe da shi, sai a bincika tun da wuri.

Ga mai kwana bakwai, abin da ya fi shi ne ya raba ƙafa. Kwana biyu a Tsohon Gari, a huta gajiya, a canza kuɗi, a ga tarihi. Kwana huɗu a bakin teku: arewa ga mai son ninƙaya da jama'a, gabas ga mai son shiru da sauƙin farashi. Daren ƙarshe a dawo gari, kusa da filin jirgi, don kada lalacewar mota a hanya ta jawo asarar tikiti. Kafin a zaɓi ranaku kuma, a duba kwanan wata da jadawalin cikar teku na ƙauyen da za a sauka, masu masauki suna da shi.

Matambayi ba ya ɓata. Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su gida lafiya, amin.