Sankarar bakin mahaifa: Abin da na koya a mako bakwai na jinyar gwaggona a Kumasi

Ranar da likita ya gama duba takardun gwaggona, tambayar farko da muka yi masa ita ce: yaushe za a yi aikin? A tunaninmu, tunda ciwo a mahaifa yake, kuma ita ta gama haihuwa tuntuni, ai sai a cire mahaifar kowa ya huta. Likitan ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, ciwon nan ya wuce na wuƙa, amma bai wuce magani ba."

Gwaggo ta haura shekara 50. Ta daɗe da daina ganin al'ada, sai jini ya dawo mata kaɗan-kaɗan, tare da ruwa mai wari. Ta ɗauka jinin ciwo ne kawai, tana sabunta alwala tana sallarta, ba ta gaya wa kowa ba. Da abin ya yi yawa aka shiga jiƙe-jiƙe. Sai da ta fara haki in ta ɗebo ruwa, idonta ya yi fari fat, sannan muka kai ta asibiti a Tamale. Aka yanki ɗan naman wurin aka gwada, aka tabbatar sankarar bakin mahaifa ce, aka tura mu Kumasi.

A Kumasi ne likitan nan ya bayyana mana cewa cutar hawa huɗu ce. In tana ƙarama, ba ta fita daga bakin mahaifa ba, tiyata na iya raba mace da ita. Amma in ƙarin ya haura santimita 4, ko ya ci naman da ke gefen mahaifa, ko ya sauka farji, ko ya kama kaluluwar ƙugu, ko ya taɓa mafitsara, to ta yaɗu a kewayenta, duk da ba ta kai huhu ko hanta ba. A nan wuƙa ba ta iya kwashe ta duka. In an yi aikin ma sai an bi da gashi, mace ta sha wahala biyu. Ta gwaggo tana hawa na uku.

Maganin da aka fi dogaro da shi a duniya ga irin wannan ƙafa uku gare shi, kamar murhu.

Na farko, gashi daga waje. Na'ura ce ke harba haske mai ƙarfi a ƙugu, Litinin zuwa Juma'a, kusan sau 25 cikin mako biyar. Kowane zama 'yan mintoci ne. Da gwaggo ta ji kalmar gashi sai ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, ƙona ni za su yi?" Wallahi ba wuta, ba zafi. Kwanciya kawai take yi. Wahalarsa daga baya take zuwa: gudawa, zafin fitsari da kasala.

Na biyu, maganin kemo mai suna cisplatin, sau ɗaya a mako ta ƙarin ruwa. Aikinsa ya ƙara wa gashin kaifi. Tun 1999, bayan wasu manyan bincike biyar, hukumar yaƙi da sankara ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa haɗa su, saboda an ga matan da aka haɗa wa sun fi rayuwa. Maganin yana taɓa ƙoda, shi ya sa duk mako sai an gwada jini, kuma sai an sha ruwa da yawa. Wadda jinyarta ta faɗo cikin azumi, ta sani Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame, ta rama daga baya.

Na uku, gashin ciki, wanda likitoci ke kira birakiterafi. Ana saka ɗan bututu ta farji har cikin mahaifa, a kai hasken kan ƙarin kai tsaye. Nan ne mata da yawa ke tsayawa, don kunya, kuma don a lokacin jinin ya riga ya ɗauke, suna ganin sun warke. Gwaggo ma ta ce a mai da ita gida. Sai da wata nas ta zauna da ita ta ce, "Mama, kin ci sa, a wutsiya za ki gaza?" Ba tare da gashin ciki ba, cutar ta fi saurin dawowa.

Abin da ba wanda ya taɓa gaya mana a gida shi ne lokaci. Ana so a kammala duka cikin mako takwas. Duk hutun da aka yi a tsakiya, dama ce ƙwayoyin cutar ke samu su farfaɗo. Saboda haka ba zancen "bari mu je biki mu dawo". A Ghana, asibitocin gwamnati da aka sani da wannan gashi su ne Korle Bu a Accra da Komfo Anokye a Kumasi. Mu 'yan arewa dole sai mun tare. Mun zauna wurin dangi a Aboabo, kuma kafin a fara sai da samarin gidan suka ba da jini, domin gashi ba ya ci sosai a jikin da jini ya yi ƙasa. Duk iyalin da za su shiga wannan jinya, su tanadi masauki, kuɗin mota, katin inshorar lafiya da masu ba da jini tun kafin ranar farko.

Akwai sabbin hanyoyi kuma. Wani bincike da likitocin Ingila suka jagoranta, wanda aka wallafa a 2024, ya nuna cewa in aka ba mace carboplatin da paclitaxel na mako shida kafin gashi, kashi 80 cikin 100 suna raye bayan shekara biyar, maimakon kashi 72. Waɗannan tsofaffin magunguna ne masu sauƙin samu, don haka a tambayi likita ko sun dace. A shekarar ce kuma Amurka ta amince a haɗa pembrolizumab, mai zaburar da garkuwar jiki, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin talaka.

Gwaggo ta gama nata cikin mako bakwai. Yanzu tana gida, ta koma sayar da kokonta, tana zuwa dubawa duk wata uku. Ba mu ce an gama ba, sai dai muna ta godiya ga Allah.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 wannan cuta ta kashe mata kusan 350,000. Ƙwayar HPV ce ke jawo ta, kuma akwai allurar riga-kafinta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Iyayena mata da ke zango, jini bayan an daina al'ada, ko bayan kwanciyar aure, ba abin ɓoyewa ba ne. Gwaggo da kanta yanzu take cewa matan unguwa, "Da na yi magana da wuri, da aiki ɗaya ya ishe ni."