Adireshi Ɗaya, Jama'a Da Yawa: Tsarin NAT da Wahalar Toshe Maharan Intanet

Tsarin IPv4 da intanet ta ginu a kansa yana da adireshi kimanin biliyan 4.3 ne kacal, kuma a watan Fabrairun 2011 hukumar IANA ta raba kaso na ƙarshe da ya rage a hannunta. Tun a shekarar 1994 masana suka ɓullo da dabarar sauya adireshi da ake kira NAT, inda na'urar da ke bakin hanyar sadarwa take maye gurbin adireshin kowace waya ko kwamfuta da adireshi ɗaya na waje, tana riƙe da jadawalin da ke nuna wanda za a mayar wa kowace amsa. Kamfanonin layin waya sun faɗaɗa dabarar, har ta kai ɗimbin abokan hulɗarsu suna fita ta adireshi guda.

Wannan tsimi yana da illa idan aka zo batun harin hana hidima, wato ambaliyar buƙatun bogi da ake tura wa shafi har ya gaza amsa wa masu buƙata ta gaskiya. Abin da mai kula da shafi ya saba yi shi ne toshe adireshin da harin ke fitowa, amma idan adireshin na tarayya ne, wake ɗaya ya ɓata gari, domin wayar mutum guda da muguwar manhaja ta kama za ta jawo a rufe wa kowa. Makamancin haka ya faru a farkon 2007, lokacin da aka ruwaito cewa Wikipedia ta toshe adireshi ɗaya saboda masu ɓarna, sai matakin ya shafi kusan ƙasar Qatar baki ɗaya, kasancewar masu amfani da intanet a can ta wannan adireshi suke fita.

Ita ma na'urar NAT ba ta tsira ba, saboda kowane adireshi yana da tashoshin haɗi 65,535 ne, kuma jadawalinta yana da iyaka; da zarar na'urorin da muguwar manhaja ta kama sun cika shi, sauran jama'a ba za su iya buɗe sabon haɗi ba.

Saboda haka masu tsaron shafuka suka karkata ga lura da ɗabi'ar kowace buƙata, da taƙaita yawanta, da gwajin tantance ɗan Adam, maimakon hukunta adireshi kai tsaye. Maganin da ya fi ɗorewa shi ne ƙaura zuwa IPv6, wanda yalwar adireshinsa ke ba da damar ware wa kowane abokin hulɗa nasa kason, ta yadda toshewa za ta faɗa kan mai laifi shi kaɗai.